Tallafin gwamnati ga tsofaffi marasa ƙarfi: wa ake ba, kuma ta yaya?

Wai wannan ba shi ne fansho ba?

A'a, daban suke. Fansho kuɗinka ne da aka riƙa yanka a albashinka lokacin kana aiki, shi kuwa wannan daga baitulmali yake fitowa, wato kuɗin haraji, ko da mutum bai taɓa karɓar albashi ba tunda yake a duniya. Manomi, ɗan dako, matar da ƙarfinta ya ƙare a rainon yara, irinsu aka nufa. Kuma ba sabon abu ba ne, Denmak ta fara tun 1891.

Daga shekara nawa ake farawa?

Kowace ƙasa da nata. Afirka ta Kudu 60, Amurka da Kanada da Brazil 65, Lesotho kuwa sai ka kai 70.

Duk tsoho ake ba, ko sai an tabbatar talaka ne?

To nan fa ake rigimar. Wasu ƙasashen kamar Botswana, tun 1996, shekaru kawai ake dubawa, ka kai ka karɓa. Wasu kuma sai an bi diddigin abin da kake samu da abin da ka mallaka. A Brazil ana ba tsoho mafi ƙarancin albashi guda duk wata amma sai in an raba kuɗin shigar gidan kan mutanen gidan an ga rabon kowa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na albashin ba. A Amurka shirin SSI, wato tallafin gwamnati ga tsofaffi da naƙasassu marasa ƙarfi, da ya fara biya a 1974 ba ya ɗaukar wanda dukiyarsa ta haura dala 2,000, ko 3,000 ga mata da miji, ban da gidan da yake ciki da mota ɗaya, kuma wannan adadi tun 1989 yana nan bai motsa ba alhali komai ya yi tsada. Ni dai a ganina wannan ƙuntatawa ce, tsohon da ya yi ɗan tanadi saboda rashin lafiya shi ne zai kwana ciki. Masu kare tsarin suna cewa kuɗin gwamnati ba shi da yawa, gara a ba mabuƙaci da kauri da a yayyafa wa kowa, kuma gaskiya su ma suna da hujja.

In yana ɗan samun wani abu a gefe, yanke shi za a yi?

Yawanci ragewa ake yi a hankali. A Kanada akwai GIS, tallafin tsofaffi masu ƙaramin samu, da aka kawo a 1967 a matsayin ƙari kan OAS, wato kuɗin tsufa da gwamnati ke biya, in samunka ya ƙaru da dala ɗaya sai a rage kusan rabinta a tallafin.

Kuɗin da kansa yake zuwa ko sai an nema?

Galibi sai an cike fom fa. A Birtaniya akwai Pension Credit, ƙarin kuɗi ga tsofaffi masu ƙaramin samu, tun 2003 amma har yau dubban ɗaruruwan da suka cancanta ba sa karɓa, wasu ba su ma san da shi ba, wasu kunya, wasu kuma takardun ne suka fi ƙarfinsu, shi ya sa in kana da dattijo a gida kai ne za ka zauna ka cike masa. A Kanada in bai shigar da takardar harajinsa ta shekara ba ana iya tsayar da kuɗin.

In ya yi tafiya ƙasar waje fa?

A yi hattara. SSI yana tsayawa in mutum ya yi wata guda cur a wajen Amurka, GIS kuma in ya wuce wata shida a wajen Kanada.