Ma'anar "rigakafin amai" a tiyatar sankarar mata

Daren jajibirin tiyata, likitan barci kan leƙo ɗakin mata da takarda a hannu. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, tambayoyin kusan ɗaya ne, kuma akwai wadda kan ba majinyata dariya: "Hajiya, in kin shiga mota kina amai?" Matar da aka ce za a cire mata mahaifa gobe saboda sankara, ina ruwanta da zancen mota? To, daga wannan amsar ake auna maganin da za a ba ta.

Rigakafin amai na nufin a ba majinyaciya maganin hana tashin zuciya tun tana kan gadon tiyata, kafin ta farka, ba sai ta fara kelaya amai a ruga neman allura ba. A takardun asibiti ana rubuta matsalar tashin zuciya da amai bayan tiyata da haruffa huɗu, PONV. Cikin mutum goma da aka yi wa allurar barci, kusan uku na fama da ita.

A 1999 wani likita Bajamushe, Christian Apfel, ya fito da ma'auni mai maki huɗu: kasancewa mace, rashin shan taba, taɓa yin amai a mota ko bayan wata tiyata, da buƙatar maganin zafi mai ƙarfi irin su morphine bayan aiki. Mai maki ɗaya hatsarinta kusan kashi 20 cikin 100 ne, biyu 40, uku 60, huɗu kuwa kusan 80. Ku auna matanmu da shi. Mace ce, galibi ba ta shan taba, aikin cire mahaifa ko ƙwan mace kuma babban yanka ne da ke buƙatar maganin zafi mai ƙarfi. Maki uku ke nan tun ba a yi zancen mota ba. In kuwa tana cikin masu riƙe leda daga Dukku zuwa Gombe, ta cika huɗu.

Shi ya sa magani ɗaya ba ya isa. Kowanne kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hatsarin yake ragewa, don haka ake haɗa biyu ko uku masu bin hanya daban-daban. Dexamethasone, miligiram 4 zuwa 8, a farkon aiki ake sa shi domin yana jinkirin kamawa. Yana ɗan ɗaga sukari, sai a lura da masu ciwon suga. Ondansetron, miligiram 4, sai an kusa gama ɗinki. Shi yana toshe sinadarin serotonin da ke aika saƙon amai daga hanji zuwa ƙwaƙwalwa, kuma yakan kawo ciwon kai ko taurin bayan gida. Metoclopramide da aka fi sani a kemis ba shi da ƙarfin waɗannan, ga shi wani lokaci yana sandarar da wuya, musamman ga 'yan mata. Likita na iya kuma sa barcin da propofol ta jijiya maimakon iskar shaƙa, abin da shi ma ke rage aman.

Akwai masu jinya da ke cewa a bar ta ta yi, ai allurar barcin ce ke fita. Ban yarda ba. Yunƙurin amai yana ja wa sabon ɗinki, yana ƙarar da ruwan jiki, yana iya sarƙewa ya gangara huhu, ya kuma hana ta shan ko da kunu, kwanan asibiti ya ƙaru tare da kuɗinsa.

In aman ya zo duk da rigakafin, ba a maimaita ondansetron cikin awa 6. Wani jinsin ake canjawa. Wanda kuma ya taso bayan kwana biyu ko uku, kore shar, ga ciki ya kumbura babu tusa, wannan wata magana ce: mai yiwuwa hanji ne ya tsaya. A ajiye kofin kunun, a kira ma'aikaciyar jinya nan take.