Kayan Aikin Maƙera a Karkarar Kano da Jigawa

Maƙera ita ce wurin da maƙeri ke hura wuta yana sarrafa ƙarfe, kuma a ƙauyukan Kano da Jigawa yawanci rumfa ce ko zaure a ƙofar gida. Sana'ar daɗaɗɗiya ce a wannan ƙasa, domin tarihin baka ya danganta asalin zaman Kano da maƙeran da suka taso daga Gaya suka sauka gindin Dutsen Dala wajen neman tama. Masu sana'ar sun kasu gida biyu: maƙeran baƙi, masu ƙera fartanya da garma da lauje da gatari, da kuma maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla. A karkara aikin baƙin ƙarfe ya fi yawa saboda noma, don haka shi ne ke nuna irin kayan da ya kamata mai kafa maƙera ya tanada.

Tushen maƙera shi ne wuta da uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake ɗora ƙarfe mai zafi a kansa a doke shi. Maƙerin Hausa a zaune yake aiki, shi ya sa ake kafa uwar maƙera ƙasa-ƙasa, a jikin kututturen da aka binne, yadda hannunsa zai kai ga wuta da ruwa ba tare da ya tashi ba. Abin da ake nema a jikinta nauyi ne da tauri, kuma guntun ƙarfen titin jirgin ƙasa yana iya tsayawa a madadinta. Zuga-zugin gargajiya na fatar akuya ne, amma da yawa sun koma ga fankar da ake juyawa da wilin keke, wadda ba ta gajiyar da yaron da ke zuga. Sauran kayan hannu su ne masaba da guduma, da awartaki na riƙe ƙarfe mai zafi, da kurfi na yanka, da magagari na gyaran baki. Gara a mallaki awartaki iri-iri da a tara guduma, domin ƙarfen da bai riƙu da kyau ba kan yi tsalle idan aka doke shi.

Gawayi ba duka ɗaya ba ne. Maƙera sun fifita na ƙirya, saboda itacen yana da nauyi, garwashinsa yana daɗewa, tokarsa kuma kaɗan ce. Gawayin itace mai laushi kan cinye kafin ƙarfe ya yi ja. Tsantsar baƙin ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,538 a ma'aunin Salshiyas, amma ƙira ba ta buƙatar haka, ana yin ta ne tsakanin digiri 900 da 1,200, lokacin da ƙarfen ya tashi daga ja zuwa ruwan ɗorawa.

Inda gwaninta ta fi bayyana shi ne zaɓen ƙarfe. An daɗe da barin narka tama, yanzu tsofaffin ƙarafa ake saye a wurin 'yan gwangwan ko a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke birnin Kano. Bambancinsu yana ga yawan sinadarin kabon. Falle da kusurwar ƙarfe na ƙofofi ba su cika kai kashi 0.3 cikin ɗari ba, suna lanƙwasuwa cikin sauƙi kuma suna karɓar walda, amma ba sa riƙe kaifi. Sifirin mota kuwa yana da kusan kashi 0.6 cikin ɗari, shi ya sa ya dace da ruwan gatari da gizago da adda. Tsohon magagari ya fi shi kabon, yana yin wuƙa mai kaifi, sai dai saurin karyewa gare shi. Ana gane ƙarafan nan ta tartsatsi idan an goga su a dutsen inji: mai kabon da yawa tartsatsinsa kan yi rassa yana fashewa. Irin wannan ƙarfe ne kaɗai ke yin tauri idan aka gasa shi har maganaɗisu ya daina kama shi, wato wajen digiri 770, aka ɗan ƙara masa wuta, sannan aka tsoma shi a ruwa ko mai. Sifiri ya fi son a tsoma shi a mai, domin ruwa kan tsaga shi, bayan haka kuma sai a sake ɗumama shi tsakanin digiri 200 da 300 don kada bakinsa ya riƙa ɓantarewa.

Injin walda da na gurza ƙarfe suna da amfani, amma inda wutar lantarki ba ta tsayawa sayensu na tafe da sayen janareto da mai, don haka bai kamata su zama farkon abin da za a kashe wa jari ba, sai ga wanda zai yi ƙofofi da tagogi. Mai walda ba ya rabuwa da gilashin kare ido, kuma tabarau na rana ba ya maye gurbinsa. Ƙarfen da aka shafe da sinadarin zinki, kamar kwanon rufi da wasu bututun ruwa, yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi idan ya sha wuta, haka nan duron da ya taɓa ɗaukar fetur yana iya fashewa idan aka yanka shi da wuta, ko da kuwa an juye shi tuni.