Sauron da Ake Saki Don Ya Rage Sauro

Duk lokacin da na yi wa mutane bayanin cewa akwai ƙasashen da ake kiwon sauro miliyoyi, a kuma sake shi cikin unguwanni da gangan, tambaya biyu ce ke biyo baya. Ta farko, ashe ba ƙara mana cizo za a yi ba? Ta biyu kuwa da murya ƙasa-ƙasa ake yin ta: idan wannan sauron da ba ya haihuwa ya ciji mutum, shi ma haihuwar za ta tsaya masa? Ba na ganin laifin mai tambaya ko kaɗan. Wanda ya damu da zuriyarsa ya cancanci a zauna a ba shi amsa dalla-dalla.

Sauron da ake saki namiji ne, namijin sauro kuwa ba ya cizo. Bakinsa ba ya iya huda fata, ruwan furanni yake sha. Macen ce ke neman jini don ƙwanta ya ƙosa, ita ce kuma ke ɗaukar zazzaɓin cizon sauro da dengi da zika da zazzaɓin shawara daga wannan jiki zuwa wancan. A yawancin jinsunan sauro, sau ɗaya mace ke yin barbara a rayuwarta. Takan ajiye abin da ta samu daga namijin a cikinta, duk ƙwan da za ta saka daga baya da shi za ta ƙyanƙyashe. Nan dabarar take. Idan namijin da ta haɗu da shi bakarare ne, za ta ci gaba da saka ƙwai a ruwa yadda ta saba, amma duk baragurbi ne.

Yadda ake yi shi ne, a rene sauron a ɗakin kiwo, a ware maza daga mata tun ba su yi fiffike ba, a haska mazan da haske mai ƙarfi irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Ana auna hasken daidai yadda zai lalata maniyyin ba tare da ya kashe wa sauron kuzarin tashi da neman mace ba. Hasken ba ya zama a jikinsa, kamar yadda wanda aka ɗauki hoton ƙirjinsa ba ya koma gida ya shafa wa iyalinsa komai. Rashin haihuwar nan ba cuta ba ce da za ta yaɗu. Lahani ne a jikin sauron kansa, da shi zai mutu cikin 'yan kwanaki. Akan samu mace jefi-jefi ta kuɓuce wa masu tantancewa, ba zan ɓoye wannan ba, amma cizonta cizon sauro ne kawai, kuma a ɗaki ta tashi, ba ta taɓa shan jinin maras lafiya ba.

Dabarar ta daɗe. Wasu masana biyu na ma'aikatar noma ta Amurka, Edward Knipling da Raymond Bushland, su suka fara gwada ta a kan wani ƙuda da ke saka ƙwai a raunin dabba, tsutsarsa ta riƙa cin naman dabbar tana raye. A 1954 aka kawar da ƙudan nan daga tsibirin Kurasawo da ke tekun Karebiyan, a 1966 kuma Amurka ta bayyana cewa ta rabu da shi. Da wannan hanya aka share ƙudan tsando daga tsibirin Unguja na Zanzibar a 1997, shanu suka huta da sammore. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya su ke jagorantar binciken har yau. A kan sauro, gwajin da aka yi a wasu tsibirai biyu na birnin Guangzhou a ƙasar Sin, inda aka haɗa hasken da wata ƙwayar bakteriya mai suna Wolbachia, ya rage matan sauro da kashi 83 zuwa 94 cikin 100, kamar yadda aka bayyana a 2019.

Abin da ya sa nake ganin darajarta shi ne sauro ya fara sabawa da magungunan feshi a wurare da yawa, a fesa, ya karkaɗe fiffike ya ci gaba. Feshi kuma ba ya zaɓe, har ƙudan zuma yakan tafi da shi. Namijin sauro jinsinsa kaɗai yake nema, kuma yana shiga lungun da mai feshi ba zai taɓa kaiwa ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai dai kada kowa ya naɗe gidan sauronsa. Inda aka fi samun nasara a kan sauron dengi ne. Na zazzaɓin cizon sauro, cutar da ta kashe mutum kusan 597,000 a 2023 bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fi wuyar sha'ani, domin raba mazansa da matansa ba sauƙi, kuma sau da yawa jinsi biyu ko uku ne ke yaɗa cutar a wuri guda. Afirka ta Kudu na gwaji a lardin KwaZulu-Natal, amma gwaji ne. Sannan dole bakararun su ninka mazan daji sau da yawa, a riƙa sakinsu mako bayan mako. Da an daina, sauron maƙwabta zai dawo.

Akwai abin da ya faru a Indiya da ba na mantawa da shi. A 1975 aka rufe wani babban aiki irin wannan kusa da Delhi bayan an zarge shi a jaridu da majalisa cewa gwajin makamin ƙwayoyin cuta ne. Shekarun aiki suka tafi a banza. Shi ya sa nake roƙon masu irin wannan shiri su fara da zama da jama'a kafin su buɗe akwatin farko. Ku kuma, idan aka zo yankinku da shi, ku tambaya: wane jinsi za a saki, ta wace hanya aka mai da shi bakarare, wace hukuma ta ba da izini, wa za a kai wa ƙorafi?

A lokacin sakin za ku ga sauro ya ƙaru a waje, yana shawagi ba ya cizo. Kada ku bi shi da feshi. Aikinku yana wurin ruwa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne a lokacin zafi, don haka sau ɗaya a mako a zubar da ruwan da ya kwanta a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, a goge cikin mazubin domin ƙwan sauron dengi na manne a bango, a rufe wanda ake ajiye ruwan sha a ciki. Duk namijin dajin da kuka hana ƙyanƙyashewa, kun rage wa bakararen abokin takara wurin mace.