Hotunan kayan tarihin Ghana a Wikimedia Commons

Wikimedia Commons rumbu ne na hotuna da sauti da bidiyo a intanet wanda kowa ke iya zubawa kowa kuma ke iya ɗiba kyauta, an buɗe shi a watan Satumba na 2004, kuma daga nan ne Wikipedia ta kowane harshe ke ɗauko hotunanta, har da ta Hausa da ta Dagbani da ta Twi. A 2023 abubuwan da ke ciki suka haura miliyan 100. Sashen Ghana ya ƙunshi tsoffin gine-gine, masallatai, fadoji, tufafi, abinci da bukukuwa.

Asali

Wasu daga cikin hotunan gine-ginen tarihi sun shigo ne ta gasar ɗaukar hoto ta Wiki Loves Monuments, wadda aka fara a Holan a 2010 kafin ta bazu duniya, Ghana ta shiga wajen 2012. A 2014 aka ƙirƙiro Wiki Loves Africa, ita kuma kowace shekara da jigonta, ta farko abinci ce, ta 2015 sutura da ado, ta 2016 kiɗa da rawa, ta nan ne waakye da koko da ƙosai da batakari suka samu shiga. Masu aikin 'yan sa kai ne, galibi matasa a ƙarƙashin Wikimedia Ghana User Group da Open Foundation West Africa, sai ƙungiyar masu rubuta Wikipedia ta Dagbani can arewa.

Abin da ke ciki

Ganuwoyin bakin teku su suka fi komai yawa, kuma ba mamaki, tunda nan ne motar 'yan yawon buɗe ido ke tsayawa. Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, an ɗauke ta ta kowace kusurwa, haka Cape Coast da ɗakunanta na ƙarƙashin ƙasa inda ake tsare bayi kafin a zuba su jirgi, sai Osu da Ussher Fort da James Fort a nan Accra. UNESCO ta sa su cikin jerin kayan tarihin duniya a 1979, shekara ɗaya bayan haka ta ƙara da tsoffin gidajen gargajiya na Tonawa, wato Asante, da ke ƙauyukan kewayen Kumasi, kamar guda goma ne suka rage, na laka da itace masu zane a bango, kuma ire-irensu ne suka fi buƙatar hoto don kowace damina sai ta ci wani abu a jikinsu. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1957, ita ke kula da su.

A arewa masallacin Larabanga ne ya fi fice, ana cewa tun 1421 aka gina shi, ko da yake shekarar daga bakin mutanen garin aka samo ta. Salaga kuwa, garin da fataken Gwanja suka riƙa zuwa daga Kano da Katsina da kanwa da tufafi su koma da goro, hotunanta 'yan kaɗan ne, rijiyoyin bayi da wurin kasuwa, alhali in ana maganar yadda Hausawa suka zauna ƙasar nan dole a fara da ita. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne jama'arta suka watse zuwa Kete-Krachi da Kumasi da wasu garuruwa, cikinsu akwai Alhaji Umaru na Krachi wanda ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da Larabci da ajami, wasunsu na ajiye a Jami'ar Ghana da ke Legon.

Zanguna

Nan ne giɓin ya fi girma. Babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, yana da hotuna masu kyau, amma in mutum ya nemi tsoffin masallatan unguwa na Nima ko Sabon Zango ko Aboabo, ko makarantun allo, ko naɗin sarkin zango, ko mahauta da masu ɗinkin babbar riga, sai ya ga abin bai taka kara ya karya ba. Ba wai hotunan ne babu ba fa, suna nan jibge cikin akwatunan gidaje da wayoyin mutane da Facebook, ba a dai ɗora su inda ɗalibi ko mai bincike zai same su da suna da shekara ba ne, kuma tsofaffin da ke iya nuna fuska su ce wannan malam wane ne suna ta tafiya.

Sabbin canje-canje

Tun 2019 ana iya rubuta wa hoto taƙaitaccen bayani da harsuna da yawa, Hausa na ciki, don haka ko wanda ba shi da kyamara yana da aikin yi. A 2024 aka dawo da kayan zinaren Asante daga Amurka da Ingila, yawancinsu waɗanda sojan Birtaniya suka kwasa tun yaƙin 1874, aka baje su a gidan tarihi na Manhyia, fadar sarkin Asante a Kumasi, a ƙarshen shekarar kuma UNESCO ta sa saƙar kente cikin jerin al'adun gado na duniya.

Haƙƙin mallaka

Wanda ya ɗora hoto sai ya zama shi ya ɗauka ko mai shi ya ba da izini, in ba hoton da haƙƙin mallakarsa ya ƙare ba ne, kuma ya yarda kowa ya yi amfani da shi har don kasuwanci, galibi da sharaɗin a ambaci sunansa. Dokar Ghana ta 2005 ta sa haƙƙin kayan gargajiya irin su kente da zanen adinkra a hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, ana kuma saɓani kan yadda wannan ke tafiya da lasisin kyauta.