“Ciwon suga”: sunan da ke ɗora wa yaro laifin da bai yi ba

Duk shekara idan 14 ga Nuwamba ta zagayo, ranar ciwon suga ta duniya, sai kalmar ta cika gidajen rediyo. A irin wannan shiri ne na ji wani mai gabatarwa yana jan kunnen iyaye su rage bai wa yara alewa “kada suga ya kama su”. Nan na murɗe rediyon.

Tun daga sunan aka samu matsala. Cututtuka daban-daban aka haɗa a suna ɗaya. Wadda ta fi kama manya, nau'i na 2, tana tafiya da gado da ƙiba da yawan zama. Ta yara kuwa, nau'i na 1, garkuwar jiki ce ke juyowa ta halaka ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Ko yaro bai taɓa lasar alewa ba tana iya kama shi, kuma hana shi zaƙi ba ya warkar da shi. Allurar insulin ce kullum, muddin rai.

Ba mu kaɗai muka faɗa wannan tarko ba. A Haiti, da harshensu na Kiriyol, “maladi sik” suke cewa, wato ciwon suga, sak irin namu. To duba inda sunan ke kai mutum. Tunda zaƙi ne ya yi yawa, ai ɗaci ne maganinsa: sai a dafa wa yaro ganyen asosi, ɗan'uwan garafuninmu, a ɗura masa yana yamutsa fuska. Hankali ya ɗauka, amma babu ganyen da zai maye gurbin insulin, komai ɗacinsa.

Sannan mutanen Haiti da yawa kan raba ciwo gida biyu: “maladi Bondye”, ciwon da Allah ya saukar, wanda ake kai wa asibiti, da wanda wani ya turo, abin da mu za mu ce jifa ko sammu. Yanzu ka ɗauki yarinya 'yar shekara tara da ke ci kamar gara amma tana ramewa, tana kwankwaɗar ruwa, ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da bari, tururuwa na taruwa inda ta tsuguna. Wata rana numfashinta ya yi nauyi, ta sume. A wane gida za a sa wannan? Uwar da aka koya mata cewa suga ciwon tsofaffi masu ƙiba ne ba za ta kawo shi a rai ba. Wurin oungan, malamin addinin gargajiya na Vodu, za ta fara nufa, ko coci. Ni dai ban ga laifinta ba. Laifin na masu bayanin ne da suka bar ta da rabin ma'ana.

Akwai masu ƙoƙari. Gidauniyar FHADIMAC mai kula da masu ciwon suga, da ke Port-au-Prince, babban birnin Haiti, ta daɗe tana koyar da iyaye, tana kuma bai wa yara insulin da tallafin Life for a Child, shirin agajin yara masu ciwon suga na duniya. Amma a 2024 'yan daba suka sa aka rufe babban asibitin gwamnati na birnin, filin jirgin sama ma ya yi wata biyu da ɗoriya a rufe, kusan rabin al'ummar ƙasar kuma suna fama da matsananciyar yunwa.

Yunwar nan ita ce mai shirin rediyon bai taɓa hasashe ba. Insulin na son sanyi, lantarki kuwa sai an ga dama, shi ya sa wasu ke ajiye kwalbar cikin tulun ƙasa, kamar yadda muke sanyaya ruwa a randa. Idan aka yi wa yaro allura da safe, shinkafa da wake ba su samu ba da rana, sugan jininsa ne zai faɗi warwas, ya hau karkarwa da gumi. A wannan lokacin abin da zai cece shi, tun kafin a kai ga likita, shi ne cokalin shayi uku na suga a cikin ruwa.