Ma'anar "ARN mai zobe" da alaƙarsa da dajin ƙashi

Tun zamanin korona kalmar ARN, wadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira RNA, ta shiga bakin jama'a a Garwa da Marwa, sai dai ta shigo ne ɗaure da allurar rigakafi. Shi ya sa da labari ya bazu cewa wani ARN mai siffar zobe yana da hannu a yaɗuwar dajin ƙashi, na ji ana faɗa a rediyo da teburin mai shayi cewa ga sharrin allura ya fito fili. Wannan magana tana damuna ƙwarai, domin ba ta da tushe.

ARN sinadari ne da ke ɗaukar saƙo a cikin ƙwayar halitta, kuma jikin ɗan Adam ne yake ƙera shi da kansa, yana kwafo shi daga ADN, wato sinadarin da ke ajiye bayanan gadon halitta. Yawancinsa, har da na rigakafin korona, kamar zare yake mai baki biyu, kuma yawancin sinadaran da ke share shi daga bakin suke fara cinsa. Wani lokaci bakunan biyu sukan haɗe kamar yadda ake ƙulle zaren carbi, sai mai cin ya rasa inda zai kama, zoben ya daɗe a cikin ƙwayar halitta. An fara ganin irin wannan zobe a 1976 cikin ƙwayoyin cutar tsirrai, a 2012 kuma aka tabbatar yana da yawa a jikin mutum, shekaru kafin a ji sunan korona.

Wasu zobban suna aiki kamar soso, suna tsotse ƙananan ARN da ke taka wa ƙwayar halitta birki. A 2013 an bayyana guda mai gurbi fiye da 70 na kama ƙaramin ARN iri ɗaya. Idan birkin ya tafi, ƙwayar dajin ƙashi takan samu damar ɓallewa ta bi jini, galibi zuwa huhu. Amma yawancin wannan bincike a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye aka yi shi, bai zama magani ba tukuna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matashin da gwiwarsa ta kumbura, tana hana shi barci da dare, aka ce targaɗen ƙwallo ne, aka yi watanni ana kai shi wurin mai ɗori, alhali dajin ƙashi ne. Kusan bakwai cikin goma na waɗanda aka yi wa magani kafin cutar ta yaɗu suna wuce shekara biyar a raye, idan kuwa ta kai huhu ba su cika kai uku cikin goma ba.