Wai an hana sadaka a Saudiyya? Ga abin da dokar tara gudummawa ta ce

Kwana biyu ke nan wani saƙon murya na yawo a wayoyin 'yan uwa daga Shara Mansur a Makka har Jidda, wai duk wanda aka gani yana ba da sadaka zai sha ɗauri, a kuma yi masa tarhil, wato a kore shi daga ƙasar. Har wata Hajiya maƙwabciyata ta daina miƙa wa marayun layinmu abincin da ta saba. Hajiya, ki ci gaba da aikin ladarki, ba ke ake nema ba.

Dokar da aka amince da ita a 2024 ba ta taɓa mai bayarwa daga aljihunsa ba. Mai tarawa daga hannun jama'a take magana a kai. Ƙungiyoyin agaji masu rajista ne kaɗai ke da ikon yin kira a kawo gudummawa, su ma sai da izini, kuma Cibiyar Ƙasa ta Bunƙasa Ƙungiyoyin Sa-kai ce ke sa musu ido. Tana auna su da ma'auni uku: bin doka, bayyana al'amuransu a fili, da tsabtar lissafin kuɗi. Gwamnati na son ɓangaren ƙungiyoyin sa-kai ya kai kashi 5 cikin 100 na tattalin arziƙin ƙasa nan da 2030, don haka ba ta son riyal ko ɗaya ya bi hanyar da ba a rubuta ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne hukuncin. Mutumin da ya tara gudummawa ba izini zai iya shan ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce riyal 500,000 ba, ko duka biyun. In baƙo ne, bayan ya gama sai a fitar da shi daga ƙasar. A lura da "bai wuce" ɗin nan: iyaka ce ta sama, alƙali ne zai duba girman laifin.

To ina batun zauren WhatsApp na 'yan garinmu? Ka tura wa mahaifiyarka kuɗin guminka ta banki, ba tarawa ba ne. Amma ka sanar cewa ana gina masallaci a ƙauye, ga lambar asusunka kowa ya zuba, wallahi ka shiga layin da dokar ta shata, ko da niyyarka fara ce tas. Agajin da za a tara don ƙasashen waje, Cibiyar Agaji ta Sarki Salman aka ba ragamarsa. Na cikin Saudiyya kuwa ga manhajar gwamnati ta ba da gudummawa, Ehsan, tun 2021.

A nan ne raina bai kwanta ba. Kafa ƙungiya na buƙatar 'yan ƙasa aƙalla 10, wato baƙo mai iƙama (takardar izinin zama) ba shi da ƙofar kansa. Mun san akwai macuta da suka ci kuɗin marayu da sunan addini, kuma dominsu aka tsaurara. Sai dai dattijon da ke haɗa wa ɗan'uwa kuɗin asibiti shi ma ta kansa sandar ke shawagi.